Kyaftin Fitzroy, Mai Gargaɗin Hadarin Teku

Ƙasar Biritaniya, wadda mutane suka fi sani da sunan Ingila, tsibiri ce, ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Saboda haka tun zamanin da arzikin mutanenta a kan teku ya dogara. Ta teku su ke fita fatauci, ta teku su ke zuwa yaƙi, a cikinta kuma talakawansu da yawa ke samun abinci ta wajen kamun kifi. Amma teku ba ta da sabo. A zamanin da a ke tuƙa jirage da filafilai, iska ita ce dokin matuƙi, ita ce kuma ajalinsa in ta fusata. Tsakanin shekarar 1855 da 1860 kaɗai, mutum fiye da 7,000 suka halaka a jiragen da suka farfashe a gaɓar ƙasar. A lokacin nan babu mai iya gaya wa matuƙi yau cewa gobe hadari zai taso. Mutumin da ya fara ɗaukar wannan nauyi a Ingila wani hafsan sojan ruwa ne, sunansa Robert Fitzroy. Tarihinsa ya cancanci a sani, domin ya nuna irin wuyar da ke kan ma'aikacin da ya zaɓi ya yi gargaɗi tun bai tabbata ba, don gudun kada ya yi shiru mutane su halaka.

Asalinsa da shigarsa aiki

An haifi Fitzroy ran 5 ga watan Yuli 1805, a ƙasar Suffolk ta gabashin Ingila. Ɗan gidan sarauta ne, gama asalinsa yana komawa ga Sarki Charles na Biyu, kakansa kuwa ya taɓa zama Firayim Minista. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi makarantar sojan ruwa ta Portsmouth. A 1824 ya ɗauki jarrabawar zama Laftana, ya cinye ta duka bai faɗi ko tambaya ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani ba kafinsa.

A ƙarshen 1828 aka ba shi riƙon wani ƙaramin jirgin Gwamnati mai suna Beagle, wanda tsawonsa ƙafa 90 ne. Aikin jirgin shi ne auna gaɓar Amurka ta Kudu da zana taswirarta, don matuƙa su san inda duwatsu su ke da inda ruwa ke da zurfi. Wurin yana da sanyi da duhu da iska marar fasawa, har wahalarsa ta sa kyaftin na farko ya fid da zuciya, ya harbe kansa. Wannan ne gurbin da Fitzroy ya gada yana ɗan shekara 23.

Bai yi wata biyu da kama aiki ba sai teku ta koya masa karatun da bai manta ba har mutuwarsa. Amma kafin a faɗi abin da ya auku, ya kamata mai karatu ya san wani ma'auni da a ke ratayawa a ɗakin kyaftin, wanda Turawa ke kira barometa. Iska, ko da ya ke ba a ganinta, tana da nauyi, tana danne kome da ke bisa ƙasa. Wani masani na Italiya mai suna Torricelli ne ya gano yadda za a auna wannan nauyi, wajen shekarar 1643. A kan sami dogon bututun gilashi, toshe a kai ɗaya, a cika shi da zaiba, a kife bakinsa cikin ɗan kwano mai zaiba. Nauyin iskar da ke danna zaibar kwanon shi ke riƙe ta cikin bututun, tsayinta wajen inci 30. In iskar wuri ta yi nauyi sai zaiba ta hau, in ta yi sauƙi sai ta sauka. Yadda ruwa ke gangarowa zuwa kwari, haka iska ke kwararowa zuwa inda nauyinta ya ragu. Don haka in zaiba ta faɗi da sauri, alama ce babbar iska na tafe.

To, a ƙarshen Janairu 1829, Beagle yana kusa da bakin kogin Plata, sai zaiba ta yi ta sauka, sama kuma ta sake kama. Fitzroy ya ga alamun duka, amma ƙuruciya da gaggawa suka hana shi sauke filafilai da wuri. Sai wata iska mai tsanani ta taso daga tudu, ta kwantar da jirgin a gefe ɗaya, ta kakkarya itatuwan filafilai, ta fizge matuƙa biyu ta jefa su cikin ruwa, ba a sake ganinsu ba. Daga baya shi da kansa ya rubuta cewa ma'auni ya yi gargaɗi, rashin yarda da shi ne ya jawo asarar. Tun daga ranar bai ƙara raina barometa ba.

Tafiyar shekara biyar

Ran 27 ga Disamba 1831 Beagle ya sake tashi daga Plymouth, bai komo Ingila ba sai ran 2 ga Oktoba 1836, bayan ya kewaye duniya. A wannan tafiya ce Fitzroy ya ɗauki wani saurayi mai binciken dabbobi da tsire-tsire da duwatsu, Charles Darwin, don ya zama abokin hira da cin abinci. Sunan Darwin ya zo ya fi na kyaftin ɗinsa shahara, daga baya kuma suka saɓa a kan littafin da Darwin ya buga a 1859 game da asalin halittu, domin Fitzroy ya ga littafin ya saɓa wa addininsa.

A cikin jirgin akwai agogo 22 na musamman, waɗanda a ke gane nisan gabas da yamma da su. Kowace rana a kan rubuta tsayin zaiba, da zafin iska, da inda ta fito, da ƙarfinta. Ƙarfin nan kuwa da lamba a ke rubuta shi, daga 0, watau babu iska ko kaɗan, zuwa 12, watau guguwar da babu filafilin da zai iya jure mata. Wani babban hafsa mai suna Beaufort, maigidan Fitzroy, shi ya tsara wannan ƙidaya, a jirgin Beagle kuma aka fara aiki da ita bisa umurnin Gwamnati. Amfaninta shi ne, in matuƙi ya rubuta lamba 9, kowane matuƙi a ko'ina ya san abin da ya ke nufi, ba kamar a ce “iska mai yawa” ba, wadda kowa da yadda zai fassara ta.

A Janairu 1833, kusa da ƙarshen Amurka ta Kudu, wasu manyan raƙuman ruwa uku suka bugi jirgin bi da bi, na ukun ya kusa kife shi. Jirgin ya miƙe da ƙyar, an yi asarar kwalekwale ɗaya. Taswirorin da aka zana a wannan tafiya sun yi kyau ƙwarai, har matuƙa suka yi ta aiki da su fiye da shekara 100.

Wani hali nasa ya bayyana a nan wanda ya bi shi har ƙarshe. In ya ga aiki na bukatar abu, ba ya jiran izini. Ya sayi jirgi na biyu da kuɗin aljihunsa don aikin awo ya yi sauri, yana tsammani Gwamnati za ta biya shi. Manyansa suka ƙi, suka kuma tsawata masa. Abin ya ɓata masa rai har ya ajiye riƙon jirgin na ɗan lokaci, sai da hafsoshinsa suka lallashe shi ya komo.

Bayan komowarsa ya zama wakili a Majalisar Ingila a 1841, sa'an nan aka naɗa shi Gwamnan Niyu Zilan a 1843. Can ya tarar da rikicin ƙasa tsakanin Turawa baƙi da mutanen ƙasar, waɗanda a ke kira Maori, har an yi faɗa an kashe Turawa 22. Da ya bincika, sai ya yanke cewa Turawan ne suka fara tsokana, gama sun shiga ƙasar da ba su saya ba, ya ƙi ɗaukar fansa. Baƙin suka ƙi jininsa, suka yi ta kai ƙararsa Landan, aka tuɓe shi a 1845.

Ƙaramin ofis a Landan

A 1853 aka yi taron ƙasashe masu jiragen ruwa a Birasels ta Beljiyam, bisa kiran wani hafsan sojan ruwa na Amurka mai suna Maury. Aka shirya cewa jiragen kowace ƙasa su riƙa rubuta halin iska da na teku a kan tsari ɗaya. Don cika wannan alkawari Gwamnatin Ingila ta buɗe wani ƙaramin ofis a ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki a 1854, ta ba Fitzroy shugabancinsa, da ma'aikata uku tak. Aikin da aka ɗora masa na lissafi ne kurum. Zai ba kyaftin-kyaftin aron ma'aunai, in sun komo ya karɓi littattafansu, ya tattara, ya zana taswirar da za ta nuna irin iskar da aka fi samu a kowane yanki na teku, don jirage su rage kwanakin tafiya. Babu wanda ya ce masa ya faɗi abin da zai auku gobe. A shekarar nan ma, da wani wakili ya ce a Majalisa wataƙila nan gaba a iya sanin halin sama na Landan kwana guda kafin ya zo, sai aka bushe da dariya.

Fitzroy ya yi aikin da aka sa shi, amma hankalinsa na kan masunta, waɗanda ba su da kuɗin sayen ma'auni. Ya tsara wani barometa mai ƙwari, mai sauƙin karantawa, ya sa aka rarraba a ƙauyukan masunta, a kafa shi a fili inda kowa zai duba kafin ya fita. Ya kuma rubuta ɗan littafi mai bayyana yadda a ke fassara hawa da saukar zaiba.

Daren Royal Charter

A cikin Oktoba 1859 wani babban jirgi mai suna Royal Charter, mai filafilai da inji, yana komowa daga Ostareliya zuwa Libaful. Yawancin fasinjojinsa masu haƙar zinariya ne, suna komowa gida da abin da suka samu bayan wata biyu a kan ruwa. Saura tafiyar 'yan sa'o'i su isa, a daren 25 ga wata, sai guguwa ta tarar da su kusa da tsibirin Anglesey na ƙasar Wels. Aka saki anga biyu, sarƙoƙinsu suka tsinke. Aka sare itatuwan filafilai, injin kuma ya kasa ja da iska. Da asubar 26 ga wata raƙuman ruwa suka maka jirgin a kan duwatsu kusa da ƙauyen Moelfre, ya rabe biyu, mutanen ƙauyen suna kallo daga gaɓa. Wani matuƙi mutumin Malta ya yi iyo da igiya zuwa tudu, mutanen ƙauyen suka riƙe hannun juna suka shiga ruwa suna jawo waɗanda suka iya. Wajen mutum 40 suka tsira, wajen 450 suka halaka, babu mace ko yaro ko ɗaya da ya fita. A ƙasar duka guguwar nan ta nutsar da jirage 133, ta ci rayuka wajen 800.

Fitzroy ya aika ko'ina aka tattaro masa labarin abin da ma'aunai suka nuna a kowane wuri, sa'a bayan sa'a. Ya zana duka a kan taswira, don a ga halin ƙasar gaba ɗaya a lokaci guda, kamar yadda shaho ke gani daga sama. Sai abu biyu suka fito fili. Na farko, guguwar ba iska ce mai miƙewa ba, juyawa ta ke yi tana kewaye wurin da zaiba ta fi sauka. Na biyu, ba ta faɗa wa ƙasar duka a lokaci ɗaya ba. Ta fara bugun kudu maso yamma, sa'an nan ta yi ta tafiya arewa, ta yi sa'o'i da yawa kafin ta kai Anglesey.

A nan ne dabarar ta ke. Hadari tafiya ya ke yi, yawancin na Ingila kuwa daga yamma su ke zuwa, ta Tekun Atlantika. Matuƙi ɗaya da ma'auninsa ba ya ganin kome sai abin da ke kansa. Amma a lokacin an riga an ja wayar tangaraho tsakanin garuruwan ƙasar, saƙon waya kuwa ya fi kowace guguwa sauri. In mutumin da ke gaɓar yamma ya buga waya ya ce zaiba na faɗuwa, za a iya gaya wa na gabas tun hadarin bai kai gare shi ba. A Faransa ma wani masanin taurari, Le Verrier, ya yi irin wannan tunani, bayan wata guguwa ta farfasa jiragen Ingila da na Faransa a yaƙin Kirimiya a 1854.

Mazurari da ganga

Gwamnati ta ba Fitzroy izini. Daga Satumba 1860 tashoshi fiye da goma na bakin teku suka fara bugo waya Landan kowace safiya, suna faɗin tsayin zaiba, da zafi, da iska, da kamannin sama. A Fabrairu 1861 ya aika da gargaɗinsa na farko. Da ya ke jirgin da ke kan ruwa ba ya samun waya, sai ya shirya alamun da a ke gani daga nesa. A kan ɗinka zanen filafili baƙi a siffar mazurari, a rataya a kan dogon itace a bakin tasha. In tsininsa na duban sama, babbar iska na zuwa daga arewa. In yana duban ƙasa, daga kudu ta ke zuwa. Akwai kuma wata alama mai siffar ganga, wadda ke nuna iska mai hatsari da za ta iya juyawa daga wannan gefe zuwa wancan. Da dare sai a rataya fitilu a jere bisa siffar alamar. Wanda bai iya karatu ba ma yana iya gane ta.

Bai tsaya nan ba. Ran 1 ga Agusta 1861 jaridar Times ta Landan ta fara buga abin da ofishinsa ke tsammani sama za ta yi a kwana biyu masu zuwa. Wannan kuwa babu wanda ya umurce shi da shi. Ya yi ta nanatawa cewa abin da ya ke yi ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba. Kintace ne, watau ra'ayin da aka gina a kan awo da lissafi, kamar yadda tsohon manomi kan dubi gajimare da iska ya ce a kwashe shanya. Mai kintace yana iya kuskure, amma yana da dalilin da zai nuna. A 1863 ya fitar da babban littafi a kan sanin yanayin sama, wanda ya rubuta don kowa da kowa ya karanta. A ganinsa hadari kan tashi ne inda iska mai ɗumi daga wajen tsakiyar duniya ta yi karo da mai sanyi daga ƙarshen arewa. Masana na baya sun tarar akwai gaskiya mai yawa cikin wannan. Sarauniya Biktoriya ma ta kan aiko ofishinsa a tambayo mata halin ruwa in za ta ƙetara zuwa gidanta na tsibirin Wight.

Masu suka

Masunta da matansu sun yi murna da alamun, amma masu suka sun yi yawa. Waɗansu masu jiragen kamun kifi sun ji haushi, domin duk ranar da aka rataya mazurari ma'aikatansu ba su fita, in kuwa hadarin bai zo ba an yi asarar kamun yini a banza. Jaridu sun mai da shi abin ba'a duk ran da ya ce rana aka yi ruwa. Manyan masana kuma suka ce ilmin bai nuna ba tukuna, bai kamata a riƙa faɗin abin da ba a tabbatar da ƙa'idodinsa ba, kada a zubar da mutuncin ilmi. A wajensu da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maganarsu ba ta rasa tushe ba. Tashoshin Fitzroy kaɗan ne, ba shi da ko ɗaya a tsakiyar Tekun Atlantika inda hadarin ke fitowa, ba shi da na'urar lissafi, sau da yawa kuma da gwanintarsa ta tsohon matuƙi ya ke cike abin da awo bai nuna ba. Amsarsa ita ce, gargaɗin da bai auku ba asararsa kamun yini ɗaya ce, hadarin da ba a yi gargaɗinsa ba kuwa asararsa rayuka ce, ba a kuma iya ce wa masunta su dakata da mutuwa sai masana sun gama bincike. Ya yi ta rubuta amsa ga kowane mai suka, dare da rana, ga aikin ofis, ga kunnensa ya fara toshewa, ga dukiyarsa ta ƙare. Ciwon baƙin ciki da ya daɗe yana taso masa ya komo da ƙarfi. Ran 30 ga Afrilu 1865, a gidansa da ke Norwood kusa da Landan, ya kashe kansa, yana da shekara 59, yana riƙe da muƙamin Mataimakin Admiral.

Da aka duba abin da ya bari, sai aka tarar bashi ne. Ya kashe wajen fam 6,000 na kansa a kan aikin Gwamnati. Abokansa suka yi karo-karo don iyalinsa, Darwin ya ba da fam 100, Sarauniya kuma ta ba matarsa wurin zama a fadar Hampton Court.

Abin da ya biyo baya

Gwamnati ta naɗa kwamiti ya binciki aikin ofishin, a ƙarƙashin wani masani mai suna Francis Galton. Kwamitin ya ce kintacen ba shi da ƙa'ida tabbatacciya. Aka daina buga shi a jarida, a Disamba 1866 kuma aka dakatar da gargaɗin hadari. Nan take kuka ya tashi daga tashoshin jirage, masunta da matuƙa da 'yan kasuwa suka yi ta aika takardun koke zuwa Majalisa. Waɗanda ke shiga ruwa da kansu sun san abin da mazurarin nan ke yi musu, ko da yana kuskure wani lokaci. Bayan kimanin shekara guda aka komo da gargaɗin, a 1879 kuma aka komo da kintacen kowace rana. An ci gaba da rataya mazurari a gaɓar Ingila har 1984, lokacin da rediyo ta riga ta ɗauke aikin.

Ƙaramin ofishin nan mai ma'aikata uku shi ne ya zama Hukumar Yanayin Sama ta Biritaniya. Yau ana aiki da taurarin ɗan adam da kwamfuta, amma hanyar ita ce wadda Fitzroy ya bi: a auna a wurare da yawa a lokaci ɗaya, a tara awon wuri guda da sauri, a zana, a kintata, a gaya wa mutane tun da sauran lokaci. Akwai wani dogon dutse a Amurka ta Kudu, a kan iyakar Ajantina da Chile, da aka sa wa sunansa a 1877. A 2002 kuma aka raɗa sunansa ga wani yanki na teku da ke yamma da Faransa da Sifen, don haka kowace rana, in rediyon BBC na karanta wa matuƙa halin iska yanki bayan yanki, sai an ambaci Fitzroy.